SAI DA DARE A KE SANIN FITILA

Karatu: Matta 5:14-16, Ayyukan Manzanni 27:13-44, Ru'ya ta Yohanna 2:1-7.

Kafin ku ci gaba da wannan takarda, ina roƙonku ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta wuraren nan uku da na rubuta a bisa. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, ku karanta da ƙarfi domin shi ma ya ji.

A cikin Matta sura 5 Ubangijinmu ya kamanta almajiransa da haske. Mun sha jin wa'azi a kan wannan, yaranmu ma sun haddace shi a makarantar Lahadi. Amma maganar da kunne ya saba da ita, wani lokaci ta kan wuce ba ta taɓa zuciya ba. Saboda haka a wannan wata ina so in ba ku labarin wata irin fitila wadda yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Mu mutanen Kiyako da Birnin Kudu da Gwaram mutanen tudu ne. Babban ruwan da muka sani shi ne kogi sa'ad da ya kawo da damina. Amma can kudu, inda ƙasa ta ƙare teku ta fara, a kan gina dogon gini kamar hasumiya, a aza fitila mai ƙarfi a ƙwanƙolinsa, domin matuƙan jiragen ruwa su hange ta da dare. Ita ce na ke kira hasumiyar fitila. Akwai abin da ekklesiya za ta koya a wurinta.

DALILIN GINA TA

Matafiyin ƙasa yana da alamu da yawa. Da rana ya hangi dutse ko kuka ko rimi, ya san ya kusa gari. Da dare ya bi turba, ya ji haushin kare, ko ya hangi wutar masu hira. In ma ya ɓata, sai ya kwana a gindin itace, gari ya waye ya yi tambaya. Matuƙin jirgin ruwa ba shi da wannan gata. Teku ba ta da turba, ba ta riƙe sawu, ba kuwa gindin itacen da za a kwana. Kuma wurin da ya fi haɗari shi ne kusa da gaɓa, gama can ne duwatsu su ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, can ne yashi ya ke taruwa ya kama jirgi, raƙuman ruwa su farfasa shi. Jirage da yawa sun ƙetare teku lafiya, sa'an nan suka hallaka ana hangen tudu.

Kun karanta abin da ya sami Manzo Bulus a hanyarsa ta zuwa Roma. Mutum 276 ne a cikin jirgin. Kwana da kwanaki hadari ya rufe rana da taurari, har suka fid da zuciya ga tsira. A dare na goma sha huɗu matuƙan suka ji alamar sun kusa tudu. Suka gwada zurfin ruwa suka sami gaba ashirin, suka matsa kaɗan suka sake gwadawa suka sami gaba goma sha biyar. Ruwa yana raguwa, duhu kuwa ya rufe ko'ina, ba wani haske da zai gaya musu inda su ke. Sai suka saki ƙarfuna huɗu na tsai da jirgi, suka zauna suna ɗokin wayewar gari. Allah ya tsirar da rayukansu duka a tsibirin Malta, amma jirgin da kayansa sun tafi.

Jirgin nan na alkama ne, na birnin Iskandariya ta ƙasar Masar. A bakin tashar wannan birni kuwa akwai hasumiyar fitila wadda ta fi kowace suna a zamanin dā. An gina ta a tsibirin Faros wajen shekara 280 kafin haihuwar Ubangijinmu, tsawonta ya fi ƙafa 300, ana hura wuta a kanta. Ta daɗe ƙwarai a tsaye, har girgizar ƙasa ta shekara ta 1303 da ta 1323 suka rushe ta. Wajen shekara ta 1480 aka kwashi duwatsunta aka gina sansanin soja a wurin, a shekara ta 1994 kuma masu nutso suka tarar da sauran manyan duwatsunta a ƙarƙashin teku. Kun ga tun kafin zamanin manzanni mutane sun san darajar haske a bakin gaɓa.

HASUMIYAR ANKARA

Bari mu dawo ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Hasumiyar da zan ba ku labarinta tana Akara, babban birnin ƙasar Gana, wanda Hausawa su ke kira Ankara. Garin nan ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu fatake sun yi ta kora jakuna daga ƙasar Kano zuwa Gwanja neman goro, suna sauka a kasuwar Salaga. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 wani Bature mai suna Glover ya kai sojojin Hausa ƙasar, waɗansu ba su koma gida ba. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a shekara ta 1892, Hausawa suka watsu zuwa waɗansu garuruwa, har da Ankara. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a can. Har wa yau in ka shiga zangon Ankara ka yi sallama da Hausa, da Hausa za a amsa maka.

A tsohuwar unguwar bakin teku, wadda a ke kira Jamestown, akwai wani sansanin dutse mai suna James Fort, wanda wani kamfanin Ingilishi ya gina wajen shekara ta 1673. Ba da nisa ba akwai wani kuma, Ussher Fort, wanda mutanen Holan suka gina a 1649. A cikin waɗannan gine-gine an yi cinikin zinariya, an kuma yi cinikin 'yan Adam. An tsare maza da mata a ɗakuna masu duhu har jirgi ya zo ya kwashe su zuwa ƙetaren teku, inda ba su sake ganin gida ba. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi a shekara ta 1807. Daga baya aka mai da James Fort gidan kurkuku. A nan ne aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951, shi wanda ya shugabanci ƙasar sa'ad da ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris, 1957. Sai a shekara ta 2008 aka daina ajiye fursuna a wurin.

Kusa da wannan sansani ne Ingilishi suka gina hasumiyar fitila ta fari a shekara ta 1871. Bukatarta ta yi yawa, gama Ankara ba ta da lungu mai zurfi inda babban jirgi zai shiga ya fake. Jirgi ya kan tsaya can nesa cikin teku, sa'an nan ƙarfafan samari su tuƙa manyan kwalekwale su keta raƙuman ruwa, su ɗauko mutane da kaya, su kai buhunan koko. Wani lokaci kwalekwale ya kife, kaya su nutse. Matuƙin da ya iso da dare tilas ya san inda garin ya ke, da inda zai tsaya, kada ya matso ya wuce kima. A shekara ta 1877 aka ɗauke hedkwatar mulki daga Cape Coast aka kawo Ankara, ciniki ya ƙaru, jirage suka yawaita. Cikin shekarun 1930 aka gina sabuwar hasumiya a madadin ta fari, ita ce ta ke tsaye har yau. Tsawonta ƙafa 93 ne, watau mita 28. Wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai tsawon kamar ƙafa 50, ya ƙiyasta kusan ninkinta. An shirya haskenta ya kai mil 16 na teku, watau wajen kilomita 30, tafiyar wuni guda ke nan ga mai jaki.

AIKIN MAI TSARON FITILA

Kada ku zaci wutar da ke kan irin wannan hasumiya gagarumar wuta ce kamar gobarar daji. A zamanin da a ke aiki da mai, harshen wutar ba wani babba ba ne. Asirin yana wurin gilashi. Wani mutumin Faransa mai suna Augustin Fresnel ya ƙago wani irin gilashi mai zobe-zobe wanda ya ke tattara hasken da zai watse ko'ina, ya harba shi waje guda. An fara aza shi a hasumiyar Cordouan ta ƙasar Faransa a shekara ta 1823, daga nan ya bazu cikin duniya. Da taimakonsa ƙaramar wuta ta kan kai nisan da babbar wuta ba ta kai ba. Tsawon ginin kuma yana da dalili. Tun da shi ke duniya a dunƙule ta ke, hasken da ke ƙasa ya kan ɓuya bayan doron ruwa. Sai an ɗaga shi sama a hange shi daga nesa.

Kowace hasumiya tana da irin nata ƙiftawa. Wata ta haska sau ɗaya ta ɗauke, wata sau biyu, wata sau huɗu, kowace da adadin daƙiƙoƙinta. An rubuta wannan duka a littattafan matuƙa da taswirorinsu. In matuƙi ya hangi haske sai ya duba agogo ya ƙirga, ya buɗe littafi, ya san lalle wannan gari kaza ne. Da haka ya ke bambanta ta da fitilun gari da na masunta.

Mai tsaron fitila kuwa, a zamanin mai, aikinsa ba hutu. Da rana ya goge gilashi, gama hayaƙi da gishirin teku su kan dushe shi. Ya hau da mai ta matakala, ya datse lagwani, ya rufe gilashin da labule kada zafin rana ya taru ta cikinsa ya ta da gobara. Rana na faɗuwa ya kunna. Inda gilashin mai juyawa ne, ya riƙa ɗaure na'urarsa kamar yadda a ke ɗaure agogo. Ya zauna ido biyu har gari ya waye, ya rubuta abin da ya faru cikin littafi. Gobe ma haka, jibi ma haka, ran salla da ran makoki duk ɗaya. Wannan ya tuna mana da umurnin da ke cikin Levitikus 24:1-4, inda aka sa jama'a su kawo man zaitun mai tsabta, aka sa Haruna ya lura da fitilun alfarwa tun maraice har safiya, kullum.

IN KA JE YAU

Zamani ya juya. A shekara ta 1928 aka buɗe tashar jiragen ruwa a Takoradi, a 1962 kuma aka buɗe babbar tasha a Tema, gabas da Ankara. Manyan jirage suka koma can, aikin masu kwalekwalen dako ya mutu. Jiragen yanzu kuma suna da na'urorin da su ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan Adam, su nuna wa matuƙi daidai inda ya ke ko cikin baƙin duhu. Wutar lantarki da na'ura sun karɓe aikin masu tsaro a ƙasashe da yawa. A Ingila an sallami na ƙarshensu a shekara ta 1998.

In Allah ya kai ka Ankara ka gangara Jamestown, tun daga nesa za ka hangi hasumiyar, an shafe ta da ja da fari. A ƙarƙashinta bakin teku cike ya ke da kwalekwalen masunta na kabilar Ga, masu zane iri iri da tutoci. Mata suna banda kifi, hayaƙi yana tashi, yara suna ƙwallo a kan yashi. A cikin hasumiyar akwai matakala mai murɗewa har sama. Wanda ya sami hawa zai ga teku a gabansa ba iyaka, ya ga James Fort da Ussher Fort, ya ga rufin unguwar Bukom, wadda ta yi suna wajen fid da 'yan dambe. Baƙi daga ƙasashe da yawa su kan zo, su tsaya a gindinta a ɗauke su hoto, su yaba tsawonta da kyan launinta, su shiga mota su tafi.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa, gama a nan ne maganata ta ke. Baƙin nan da rana su ke zuwa. Da rana kuwa ba mai iya sanin ko fitilar da ke sama tana da rai ko ta mutu, gama hasumiya mai haske da marar haske kamarsu ɗaya cikin hoto. Wanda zai iya ba da shaida shi ne masuncin da dare ya yi masa a teku, injin kwalekwalensa yana tari, ya ɗaga kai yana neman tudu. Shi bai damu da fenti ba. Tambayarsa ɗaya ce: akwai haske, ko babu? Sai da dare a ke sanin fitila.

ABIN DA ZA MU KOYA

Na fari, da dare a ke auna ekklesiya. Muna da ranakun da a ke ganinmu da kyau: ran Kirsimati, ran godiyar kaka, ran taron zumuntar mata, sa'ad da kowa ya sha ado ana kiɗa ana waƙa. Waɗannan ba laifi ba ne, fentin hasumiya ma yana da amfani, gama da shi a ke gane ta da rana. Amma Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Daren ekklesiya shi ne sa'ad da naƙuda ta yi wa matar maƙwabci tsanani da ƙarfe biyu na dare, ana neman mai babur ya kai ta asibitin Birnin Kudu. Shi ne tsakiyar damina, sa'ad da rumbun gwauruwa ya ƙare, hatsi ya yi tsada, kai kuwa kana da saura. Shi ne ranar da shanu suka shiga gona, samari suka ɗauko sanduna, ana neman dattijo ɗaya mai sanyin baki. Shi ne sa'ad da jita-jitar fitina ta shigo ta waya, kowa yana aika wa na gaba ba bincike. A irin waɗannan sa'o'i ne mutanen gari su ke ɗaga kai su dubi gidajen masu bi. Me su ke gani?

Mu ma mun san haɗarin hanya. A watan Agusta na 2021 ruwan sama ya karya wata gada a ƙasar Gwaram, mota ta faɗa ciki, mutum fiye da ashirin suka rasu. Allah ya ta'azantar da iyalansu. Ba wanda ya ji labarin nan da bai gane darajar mutum ɗaya mai tocila a bakin karyayyiyar gada ba. Ba a bukatar ya zama mai ilimi ko mai kuɗi. Ana bukatar ya kasance a wurin, tocilarsa kuwa tana ci.

Na biyu, hasumiya ba ta sake ƙiftawarta. Da a ce yau ta haska sau huɗu, gobe sau biyu, jibi ta yi barci, da matuƙa sun rikice sun hau dutse. Har ma ina gaya muku, hasumiyar da ta mutu ta fi rashin hasumiya haɗari. Inda ba a taɓa gina ta ba, matuƙi ya san ba mai taimakonsa, sai ya yi nesa da gaɓa. Amma inda littafi ya ce akwai haske, ya kan matso da gaba gaɗi yana jiran ya gan shi. Haka nan sunan Kristi da ke kanmu alkawari ne ga jama'a. Wanda ya ba ka bashi domin ya ji an ce mai bi ba ya cin amana, ya matso kusa ke nan bisa ga abin da littafi ya faɗa. In ka cuce shi, ka fasa jirginsa, ka kuma sa ya daina gaskata littafin. Mudunka na ran kasuwa ya zama ɗaya da bakinka na ran Lahadi. Kai saurayi da ka tafi cin rani Kano ko Abuja ko Ikko, inda ba dattijon ekklesiya da ke ganinka, ƙiftawarka ta zama ɗaya da ta gida. Ka karanta Filibiyawa 2:14-16 ka ga irin zaman da a ke so ka yi a can.

Na uku, mai tsaron fitila ba ya zaɓen jirgi, ba ya kuwa sanin wanda ya ceta. Ba ya leƙawa ya tambayi ƙabilar matuƙi ko addininsa kafin ya kunna. Haskensa na kowa ne. Haka ya kamata alherinmu ya zama ga maƙwabtanmu duka, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bafillace da Bawarje, wanda ya ke gaishe mu da wanda ba ya gaishe mu. Kuma jirgin da ya wuce lafiya ba ya tsayawa ya yi godiya. Wanda ya fashe ne a ke ba da labarinsa. Ku tuna ta teku bishara ta zo mana. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashen nan namu: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, duka cikin 1894. Sai a 1902 aka sami kafa tasha a Patigi. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, a Ingila aka buga shi, jirgin ruwa ya kawo shi. Jiragen nan sun bi gaɓar Afirka ta Yamma dare da rana, suna wuce fitila bayan fitila. Mutanen da suka goge gilashi suka datse lagwani a waɗannan darare ba su san abin da ke cikin jiragen ba. Duk da haka ga mu yau muna sujada da harshenmu.

Wannan magana taku ce, ku masu bishara da dattawa na ƙananan ekklesiyoyin ƙauye. Na san waɗansunku ran Lahadi mutum goma sha biyu ne a gabansu, rabinsu tsofaffi, samari sun tafi birni. Shaiɗan ya kan raɗa muku cewa aikin banza ku ke yi, ku rufe ku koma inda a ke da taro. Ku tuna ba a gina hasumiya a tsakiyar kasuwa, a kan gina ta a bakin gaɓa inda ba kowa, domin can a ke bukatarta. Ku tuna kuma ƙaramar wuta ce a ciki. Yaron da ka koya wa karatu a gindin darbejiya, da matafiyin da ka ba ruwa da wurin kwana, ba ka san inda za su sauka ba. Ubangiji ya sani, littafinsa kuma ba ya ɓata.

Na huɗu, hasumiya ba ta da haske na kanta. Dutse ce da siminti. In ba a hau da mai ba, duhunta ɗaya da na kowane kango. A cikin Yohanna 8:12 Yesu ya nuna shi kansa ne hasken, mu kuwa daga wurinsa mu ke samu. Mai ɗin shi ne Maganar Allah da addu'a da ikon Ruhu Mai Tsarki, kuma na jiya ba ya isa yau. Kun san misalin budurwai goma cikin Matta 25. Dukansu suna da fitilu, da rana ba mai iya bambanta su, sai da tsakar dare aka san masu mai. Gilashinmu kuma ya kan dushe. Kowace mace ta san yadda ƙwan fitila ya ke yin baƙi a hankali, ba a lura, har ɗaki ya yi duhu alhali wuta tana ci. Gaba tsakanin gida biyu cikin ekklesiya, da gulma, da giya, da taɓa kuɗin baiko, su ne hayaƙin nan. Turawa sun sami na'urar da ta sallami masu tsaron fitilunsu, amma ba a ƙago na'urar da za ta yi addu'ar asuba a madadinka ba, ko ta je ta nemi gafarar ɗan'uwanka.

GARGAƊI DAGA AFISUS

Karatunmu na uku wasiƙa ce zuwa ga ekklesiyar Afisus. Afisus babbar tashar jiragen ruwa ce a zamaninta. Bulus ya yi kusan shekara uku yana aiki a can. Ubangiji ya yaba wa ekklesiyar saboda wahalarta da haƙurinta da ƙin koyarwar ƙarya. Ga ido ba abin da ya rage mata. Amma ƙaunarta ta fari ta yi sanyi, Ubangiji kuwa ya gargaɗe ta, in ba ta tuba ba zai kawar da maɗorin fitilarta. Yau Afisus kango ce a ƙasar Turkiyya. Kogi ya yi ta kawo laka har ya cike tashar, teku ta janye ta bar garin a kan tudu. Dubban baƙi su kan je su ga ginshiƙai da titunan dutse, a ɗauke su hoto da rana, su tafi.

Ba na so a wayi gari wata rana a nuna wa yara ɗakin sujadarmu a ce, nan ne dā masu bi su ke taruwa. Abin da ya fi wannan ban tsoro kuwa shi ne ɗakin ya kasance a cike, an yi masa rufin kwano da sabon fenti, amma mutanen gari in dare ya yi musu ba su tunanin ƙwanƙwasa ƙofarmu.

Saboda haka ina roƙon kowane mai karatu ya yi abu uku kafin wata ya mutu. Ka mai da karatun Littafi da addu'a cikin gidanka kowace rana, kai da iyalinka, ko na minti goma ne. Ka je wurin wanda ku ke gaba da shi, ko wanda ka riƙe wa haƙƙi, ku daidaita, ka biya. Sa'an nan ka dubi unguwarku ka nemi gida ɗaya wanda dare ya yi wa, ko na mai bi ne ko ba na mai bi ba, ka kai abin da ka ke da shi ba tare da shela ba. Ku dattawa, ku sa wannan cikin zancen taronku na gaba, ku tambayi juna: in fitina ko yunwa ko ciwo ya zo garin nan da dare, wa zai tashi, da me kuma zai tashi?

Wanda kuma ya karanta wannan ya ga shi ne matuƙin da ke cikin duhu, ruwa yana raguwa a ƙarƙashinsa, bai san inda zai sauka ba, ina gaya masa hasken yana nan. Yesu Kristi ya mutu domin zunubanka, ya tashi kuma, ba ya korar wanda ya zo wurinsa. Ka nemi fasto ko mai bishara na kusa da kai, ku yi magana tun yau.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allahnmu, kai ne ka kunna fitilarka a garuruwanmu ta hannun bayinka waɗanda suka riga mu. Ka gafarta mana sanyin ƙaunarmu. Ka cika mu da Ruhunka, ka share hayaƙin zunubi daga zukatanmu. Ka ƙarfafa bayinka da ke tsaro a ƙananan wurare, kada su gaji. Ka kiyaye matafiya na ƙasa da na teku, da 'ya'yanmu da ke cin rani. Ka ba ƙasarmu salama, mu da maƙwabtanmu. Ka sa a same mu a faɗake, fitilunmu suna ci, har ranar zuwanka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.